Ciwon Damuwa da Tunanin Cutar da Kai a Ƙasar Ringim

Ciwon damuwa cuta ce da ke kama tunanin mutum da jikinsa lokaci guda, ta rage masa kuzari, ta ɗauke masa ɗanɗanon abubuwan da a da yake jin daɗinsu. Ya bambanta da ɓacin ran yini ɗaya, ya kuma bambanta da baƙin cikin rashi, wanda ke zuwa da zafi sannan ya riƙa lafawa. Likitocin ƙwaƙwalwa na fara kiran abin cuta idan ƙunci ko mutuwar sha'awa suka lizimci mutum kusan kullum har mako 2 ko fiye, suka kuma hana shi sana'arsa ko hidimar gidansa. Sauran alamomin kan biyo baya: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai, gajiya ba a yi aikin komai ba, mantuwa, da yawan ɗora wa kai laifi. Idan abin ya yi tsanani mutum kan fara ganin kansa a matsayin nauyi a kan iyalinsa, daga nan ne tunanin cutar da kai ko na mutuwa ke shigowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo, kimanin 5 cikin 100 na manya ke nan, kuma ya fi kama mata. Alƙalumanta sun nuna cewa sama da mutum 700,000 ke halaka kansu duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen da ake yi a majalisa cewa damuwa ciwon Turawa ne, ko na 'yan bokon da cikinsu ya ƙoshi.

A masarautar Ringim, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura, da wuya mai wannan ciwo ya je asibiti ya ce ransa ne a ɓace. Abin da malamin asibiti zai ji shi ne: kaina na ɗaukar zafi, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata na bugawa, wani abu na yawo a jikina. Sai a ɗebi jini, a rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ko a ce olsa ce. Ya sha, ya dawo bayan wata guda da ƙorafin nan dai. Da yawa ma a kemis suke tsayawa, a haɗa musu ƙwayoyi, a ƙara musu ruwa. Majinyacin ba ƙarya yake yi ba, ciwon kan na gaske ne, kuma duba jikin wajibi ne, tunda ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk kan zo da irin wannan kasala. Inda ake tuntuɓe shi ne a tsaya nan, ba wanda ya tambayi mutum yadda yake kwana da abin da ke cin ransa.

Jama'ar gari ma ba su cika gane ciwon ba, saboda ba shi da hayaniya. A 2004 aka buga wani bincike da likitoci daga Kano, cikinsu har da Zubairu Iliyasu, suka yi a ƙauyen Karfi na jihar Kano, inda suka tambayi manya 250 yadda suke gane mai taɓin hankali. Amsoshin da suka fi yawa su ne faɗa da ɓarna, surutu, baƙuwar ɗabi'a, da yawon titi. Da aka zo kan musabbabi, shaye-shaye ne ya zo na farko, sai hukuncin Allah, sai sihiri da iskoki. Karfi da Ringim jiha ɗaya suke kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuma da wuya tunanin ya bambanta. A wannan ma'auni, matar da ke tashi ta yi shara ta ɗora tukunya, sannan ta shige ɗaki ta yi ta hawaye, lafiyarta ƙalau. Haka magidancin da ya daina zuwa majalisa, ya bar gonarsa ciyawa ta cinye: sai a ce lalaci ne, ko an yi masa kurciya.

Tarbiyya ma na da hannu. Ana rainon Bahaushe a kan haƙuri da kunya da riƙe sirrin gida, ana gaya masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Waɗannan halaye su ne suka riƙe gidaje da yawa, ba abin rainawa ba ne. Amma su ne kuma ke sa mai ciwo ya amsa gaisuwa da "lafiya lau" alhali ya kwana bai runtsa ba. Ga kuma tsoron tambari: gidan da aka ce akwai mai taɓin hankali, 'yan matansa kan sha wuya wajen samun miji, don haka iyali sukan gwammace su rufe.

Ciwon ba shi da dalili guda. Akwai gado, akwai yanayin aikin ƙwaƙwalwa, akwai doguwar jinya irin ta sikila ko tarin fuka ko shanyewar ɓarin jiki, sannan akwai abin da rayuwa ta jefo. A wannan na ƙarshe, ƙasar Ringim ta ga abubuwa. Kogin Haɗeja da ke ciyar da fadamun shinkafa da alkama shi ne kuma ke tumbatsa a ƙarshen damina. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 100 a Jigawa, kuma Ringim na cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Manomin da ya ci bashin taki da iri, ruwa ya shafe gonar ana saura kaɗan girbi, asararsa ba ta tsaya a buhunan da ya rasa ba. Bashi na nan, mai bashi maƙwabci ne da za su haɗu a masallaci sau biyar a rana, ga iyali na kallonsa. A daren 15 ga Oktoba 2024 kuma tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, ta hallaka fiye da mutum 180, galibi matasa, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu wurare. An yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a sun watse kamar yadda aka saba. Likitoci sun san cewa a bayan irin wannan musiba wasu daga cikin iyaye da zawarawa da waɗanda suka tsira kan ci gaba da firgita da munanan mafarkai da ƙunci har watanni ko shekaru, a daidai lokacin da masu ta'aziyya suka daina zuwa.

Mata na da nasu ƙarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego na kamuwa da ciwon damuwa. Ɗan kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da ke wucewa da kansa. Wanda ya zarce mako biyu, har uwa ta ji ba ta son ɗaukar jaririn ko tana ganin ba ta cancanci zama uwa ba, ciwo ne. Idan kuma ta rikice, tana jin muryoyi ko ta kwana biyu ba barci sam, wannan na gaggawa ne. Al'adar goyon ciki da zaman jego, inda tsohuwa ke kula da mai haihuwa har arba'in, kariya ce babba, sai dai hankalin masu kula ya fi karkata ga ruwan wanka da kunun kanwa. Saki, kishi, rashin haihuwa da mutuwar 'ya'ya a jere duk suna cikin abubuwan da ke jefa mace a wannan hali.

Matasa kuwa sau da yawa ta hanyar ƙwaya ake ganin nasu. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa, kuma a watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. Ƙwaya na jawo damuwa, damuwa kuma na tura mutum ga ƙwaya, don ya samu barci ko ya manta. Yaron da ake yi wa kallon ɗan iska, wani lokaci marar lafiya ne da ya rubuta wa kansa magani.

Akwai kalmar da ta fi kowace ciwo ga mai wannan lalura, ita ce a ce masa ƙarancin imani ne. Tarihin Musulunci bai goyi bayan wannan hukunci ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda baƙin ciki ya taɓa idanun Annabi Yaƙub, kuma malaman sira sun san shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu da shekarar baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na biyun daga jiki yake, kuma yana buƙatar magani. Mai ciwon damuwa da ya ji sallah ta yi masa nauyi, alamar ciwon ce, daidai da yadda cin abinci da wanka suka yi masa nauyi. Addu'a da zikiri da jam'i suna ƙarfafa mutane da yawa, kuma ba likitan kirki da zai hana su. Matsalar tana tasowa ne idan aka mai da su dalilin ƙin zuwa asibiti.

Cutar da kai iri biyu ce, ko da yake sukan cuɗanya. Akwai wanda ke ji wa jikinsa ciwo ba don yana son mutuwa ba, sai don zafin jiki ya danne masa zafin zuciya na ɗan lokaci, ko don ya hukunta kansa. An fi ganin wannan a tsakanin samari da 'yan mata, kuma a ɓoye ake yi. Sauƙin da yake kawowa gajere ne, sai kunya ta biyo, sai a sake. Akwai kuma wanda tunanin barin duniya ke zo masa. Na farkon ma ba abin wasa ba ne, domin yana ƙara haɗarin na biyun, kuma kiran sa neman suna ko shagwaɓa kuskure ne mai tsada.

Abu mafi muhimmanci da masana suka gano game da wannan tunani shi ne ba ya zama a kan ƙarfi ɗaya. Kamar hadarin damina yake: ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, ya zuba, ya wuce. Lokacin da ya fi tsanani sau da yawa mintoci ne ko 'yan sa'o'i, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙurin halaka kansu ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Saboda haka dukkan dabarun jurewa a kan abu uku suka ginu: jan lokaci, nisanta mutum da abin da zai cutar da shi, da hana shi kaɗaita.

Jan lokaci shi ne mutum ya ce wa kansa ba zai yi komai ba sai bayan minti 15, idan sun cika ya ƙara wasu. A cikinsu ya bar ɗakin da yake, ya fito tsakar gida ko ƙofar gida inda akwai idon mutane. Watsa ruwan sanyi a fuska na rage bugun zuciya, haka numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, haka tafiya da sauri har gumi ya fito. Waɗannan suna cikin dabarun da Marsha Linehan ta Amurka ta tsara wa masu yawan cutar da kansu, kuma mai alwala ya riga ya san ɗaya daga cikinsu. Ba su warkar da ciwon, aikinsu kawai su tsallakar da mutum wannan sa'ar. A 2012 wasu masana biyu, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka fitar da tsarin da asibitoci da yawa ke bi yanzu: tun mutum na cikin natsuwa zai zauna da ma'aikacin lafiya su rubuta alamomin da ke nuna masa abin na tasowa, abin da zai yi da kansa, wurin da zai je ya zauna cikin jama'a, mutanen da zai kira, da asibitin da zai nufa. Amfanin tsarin shi ne a lokacin tsanani tunani kan toshe, sai mutum ya bi abin da ya riga ya shirya. Wanda ba ya karatun boko ana iya rubuta masa da ajami, ko a yi yarjejeniyar da baki da wani amini.

Nisanta abin cutarwa ya fi shafar yankin noma. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu halaka kansu a duniya da magungunan ƙwari da na feshin gona suke yi, sau da yawa cikin fushin ɗan lokaci bayan rigimar gida. Ƙasar Siri Lanka ta hana mafi haɗarin waɗannan magunguna daki-daki, adadin masu halaka kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995 zuwa 2015, kuma amfanin gona bai ragu ba. A Najeriya hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu daga cikinsu a ƙananan kwalabe a 2019, amma duk wanda ya shiga kasuwar Gujungu ko wata kasuwar ƙauye ya san samunsu ba wuya. Abin da ke hannun iyali shi ne kada a ajiye su a ɗakin kwana ko kusa da madafa. A kulle su a wani wuri, mabuɗin a hannun wani. Magungunan asibiti ma, har da na damuwar kanta, gara wani ya riƙe yana ba majinyaci na kwana-kwana.

Hana kaɗaici yana farawa da tambaya. Mutane na tsoron idan suka tambayi mutum ko yana tunanin halaka kansa za su cusa masa ra'ayin, amma bincike ya nuna ba haka ba ne, yawanci ma sauƙi yake ji. Wa zai yi tambayar, shi ne abin lura a gidan Bahaushe. Uwa ba ta sakewa da ɗan fari, uba kuma kwarjininsa kan rufe bakin yaro. Kaka, da goggo, da kawu, da taubashi, su ne al'ada ta ba damar shiga inda iyaye ba sa shiga. Kaka na iya cewa: "Ɗan nan, na ga kwana biyu ba ka da walwala. Ko har ta kai kana jin za ka yi wa kanka wani abu?" Sai ta yi shiru ta saurara. Wa'azin wuta a wannan lokaci, ko tuna masa cewa wasu sun fi shi shiga uku, ba abin da suke ƙarawa sai ya rufe bakinsa. Kuma ba a yi masa alkawarin rufa sirri idan rai na cikin haɗari.

Alamomin da ke nuna abin ya kusa sun haɗa da rabon kaya, neman yafiya ba gaira ba dalili, maganar cewa iyali za su huta, da natsuwar da ta zo kwatsam bayan dogon ƙunci. Wanda ya taɓa yunƙuri a baya ya fi kowa haɗari. Irin wannan ba a barinsa shi kaɗai, asibiti mafi kusa ake kai shi, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Idan ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin gubar na iya sauka a huhu. A tafi da shi da kwalbar nan take.

Doka na cikin abin da ke jinkirta wannan tafiya. Sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin halaka kansa. Sakamakon da aka fi gani shi ne iyali su ɓoye, ko su ba asibiti labarin ƙarya. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, ƙungiyoyin likitoci a Najeriya kuma na ta neman a yi haka. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi.

Ciwon damuwa na jin magani. Mai sauƙi da matsakaici sau da yawa zaman tattaunawa da ƙwararre ya ishe shi: a koya wa mutum gane tunanin da ke ƙara masa ƙunci, a warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, a mai da shi ga ayyukan da ya bari. Wannan na ƙarshen yana da ƙa'ida mai ban mamaki, wato ba a jiran sha'awa ta dawo kafin a motsa, motsin ne ke dawo da ita. A fara da kaɗan, ba dabbobi dusa, zuwa jam'i ɗaya, leƙa maƙwabciya, a ƙara a hankali. Mai tsanani ana haɗa masa da ƙwayoyi irin su amitiriftilin da fulokzetin. Ba sa bugarwa, ba kuma irin ƙwayoyin da ake kamuwa da jarabarsu ba ne, amma sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsu, kuma a wannan tsakanin ne mutane ke yankewa su ce ba ya yi. Likita ne zai rubuta su, ba mai kemis ba, domin wanda damuwarsa ke musanyawa da lokutan zumuɗi da rashin barci da ɓarnar kuɗi, wani ciwon ne daban, maganinsa ma daban.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Mutumin Ringim zai fara ne da Babban Asibitin garin ko asibitin mazaɓarsa, daga nan a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Kano, inda akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Kuɗin mota da na magani da asarar yinin aiki duk a kansa. Irin wannan ƙarancin ne ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su gane ciwon su yi maganinsa a inda suke. An gwada wannan a asibitocin matakin farko na Ibadan ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, akasarin majinyatan suka warware. A Zimbabuwe kuma Dokta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sun fi kulawar da aka saba tasiri. Jihar Jigawa da ke da mazaɓu 287 da tsofaffi masu daraja a kowace unguwa ba ta rasa kayan aikin wannan tsari ba.

Malaman ruƙiya da masu maganin gargajiya su ne ƙofar farko ga iyalai da yawa, kuma tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa asibiti na iya aiki tare da irinsu. Iyakar ita ce duka da mari da hana abinci, irin abin da aka bankaɗo a wasu gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019. Malamin da ya yi addu'a ya ce a wuce asibiti ya taimaka, wanda ya ce a zubar da ƙwayoyin likita ya jefa rai a haɗari.

Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da shan magani aƙalla wata 6, wani lokaci har shekara, kuma a hankali ake janye shi da shawarar likita. Kusan rabin waɗanda suka taɓa yin ciwon yakan dawo musu, shi ya sa ake so majinyaci da wani nasa su san alamarsa ta farko, wadda ga mutane da yawa lalacewar barci ce. Makonnin farko bayan sallama daga asibiti su ne mafi haɗari ga wanda ya yi yunƙuri. Wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 5, aka buga a 2008, ya nuna cewa zama ɗaya na bayani, da bibiya ta waya ko ziyara har wata 18, sun rage mace-mace ƙwarai a tsakanin irin waɗannan majinyata. Bibiyar ba ta buƙatar likita: nas ko jami'in lafiyar unguwa na iya yin ta.